Tambayoyi da Amsoshi: Ɓera a Shagon Kwamfuta, Jemage a Silin

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu da cajin waya a Zariya. Sau biyu ɓeraye suna tauna kebul ɗin firinta, wannan karon har wayar da ta haɗa batir da inbata suka taɓa. Na sauke wata manhaja da aka ce tana fitar da ƙarar korar ɓera, na bar ta tana yi har safe, ban ga canji ba. Ko in sayi na'urar nan da ake sakawa a soket?

Amsa: Ka goge manhajar nan tun kafin ta ƙarasa maka batir. Jin kunnen mutum yana tsayawa wajen hertz 20,000 (hertz shi ne ma'aunin kaifin sauti), na ɓera kuwa yana wuce haka nesa ba kusa ba, kuma wannan sautin na sama ne ake cewa yana damunsa. Lasifikar wayarka domin kunnen mutum aka ƙera ta, da ƙyar take kaiwa can. Galibin irin waɗannan manhajoji talla kawai suke cusa maka.

Na'urar soket ta fi manhajar, domin tana fitar da sautin da gaske. Sai dai ba ya ratsa bango, kwali da tarin takardu suna shanye shi, ɓeran kuma cikin 'yan kwanaki yake sabawa ya ci gaba da sha'aninsa. A 2001 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta aika wa kamfanoni sama da 60 masu sayar da irin wannan na'ura takardar gargaɗi, cewa dole su kawo hujjar kimiyya kan abin da suke iƙirari. Ni dai ba zan ce ka kashe kuɗinka a kanta ba.

Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina girma har ya mutu, shi ya sa yake gwagwiyar duk abin da ya samu, ba wai robar kebul ce ke masa daɗi ba. Abin da za ka nema shi ne ƙofar da yake shigowa, kuma a nan waya take da amfani. Ɗauki tsohuwar waya, ka sa mata manhajar da ke mayar da ita kyamarar tsaro, kamar AlfredCamera, ka jingina ta a kusurwa tana caji, ka bar ƙaramin ƙwan fitila a kunne tunda kyamarar waya ba ta gani a duhu. In ba ka da data, barbaɗa garin fulawa ko toka a gefen bango kafin ka kulle. Da safe sawun zai nuna maka hanya, ko sisi ba ka kashe ba.

Kada ka raina rami. Ƙaramin ɓera yana bi ta kafar da fensir zai shiga, kimanin milimita 6. Duba inda mai wayarin ya huda bango, da ƙarƙashin ƙofa, da inda wayoyin sola suka sauko. Cusa soson ƙarfe ka shafe da siminti. Tsumma ko kwali aikin banza ne. Kebul ɗin kuma a zura su cikin bututu, a ɗaga su daga ƙasa. Sannan in ɓera da sata, daddawa ma da wari: ragowar burodi da gyaɗar da yaran shago suke bari a durowa su ne katin gayyata.

Wanda ya riga ya shiga, kama shi da tarkon keji da ɗan ƙuli-ƙuli, ka duba kowace safiya, ka kai shi daji nesa da gidajen mutane. Ban yarda da shinkafar ɓera ba. Zai je ya mutu a bayan inbata ko cikin silin wari ya hana ka aiki, ga kyanwa da kaji da yara ƙanana. Tarkon gam kuwa azaba ce zalla. Kashin ɓera kada ka share shi a bushe: sa safar hannu, ka jiƙa shi da ruwan bilic tukuna. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake kama mutane.

Tambaya: Jemagu sun cika silin ofishinmu a Sakkwato, kashinsu yana zubowa kan kwamfutoci. An ce mu sa musu fitila mai haske ko mu yi hayaƙi.

Amsa: Hayaƙi a silin mai wayoyin wuta neman gobara ne, Hajiya. Fitila kuma matsawa kawai za su yi zuwa wani lungu. Ki sa a tsaya a waje dab da magariba a ɗauki bidiyon rufin da waya, za a ga kafofin da suke fita. A toshe ƙananan da raga, babbar kuma a rataya mata raga mai laushi da aka manne daga sama da gefe, ƙasanta a sake, yadda za su iya fita amma su kasa komawa. Bayan kamar mako guda sai a rufe ta gaba ɗaya. In ana jin kukan 'ya'ya a ciki a dakata har su iya tashi, in ba haka ba za su mutu a silin. Kada kowa ya taɓa jemage da hannu tsirara. Kafin nan, a riƙa lulluɓe kwamfutocin da leda idan an kashe su an tashi aiki.