Tambaya da Amsa: Wane rumbun bayanai ya dace da tsarin sinadarai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa manhaja ga wani ɗakin bincike mai sinadarai kusan 200,000. Na zuba SMILES ɗinsu, wato tsarin kowane sinadari a rubuce da jerin haruffa, a rumbun bayanai na MySQL, ina nema da LIKE, umarnin da ke neman jerin haruffa a cikin rubutu. Jiya masu binciken suka nemi duk sinadarin da ke da zoben benzin, sai manhajar ta tsallake wasu da suka tabbatar suna ciki. Hankalina ya tashi matuƙa. In koma rumbun bayanai na MongoDB ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tashin hankalinka yana kan hanya, kuma gara da ya zo yanzu, kafin a gina sakamakon bincike a kan amsar da ba ta cika ba. Amma ko ka koma MongoDB, muddin da LIKE ko makamancinsa kake nema, ciwon zai bi ka can.

Wannan kuskure kullum sai na ci karo da shi, kuma masu koyar da shi a bidiyoyin intanet, waɗanda ba su taɓa zama da masanin kemistiri ba, suna ɓata mini rai ƙwarai. Suna ɗaukar SMILES tamkar sunan mutum a rajista. Sinadari kuwa atam ne haɗe da atam, ana iya fara rubuta shi daga kowane gefe. Ethanol kaɗai ana rubuta shi CCO, ko OCC, ko C(O)C. Dubi phenol: in an rubuta Oc1ccccc1, LIKE zai kama c1ccccc1, wato zoben benzin, a ciki. In an rubuta c1ccc(O)cc1, zoben yana nan daram, amma reshen ya tsinka jerin haruffan, shi ke nan ya ɓace maka. Ga kuma masu rubuta zoben C1=CC=CC=C1. Abin da ya fi muni, MySQL a saitinsa na asali ba ya bambanta babban harafi da ƙarami, don haka neman benzin zai kawo maka cyclohexane, wato C1CCCCC1, wanda halinsa daban ne gaba ɗaya. Manhajar ba za ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Mai bincike zai karɓi jerin ya yarda da shi, ya sayi abin da yake da shi, ko ya manta da mai haɗari.

Wasu za su ce maka ka daidaita SMILES ɗin zuwa siffa guda. Wannan yana taimakawa wajen gano sinadari sukutum, kuma sai in manhaja ɗaya ce ta daidaita duka, domin manhajojin kemistiri irin su RDKit da Open Babel kowa da tasa siffar. Don hana maimaici, InChIKey, lambar shaidar sinadari mai haruffa 27 ta ƙungiyar masana kemistiri ta duniya (IUPAC), ya fi. Duk ba sa neman ɓangare a cikin sinadari.

Shawarata ita ce rumbun bayanai na PostgreSQL da ƙarin RDKit, duka kyauta. Ka adana tsarin a nau'in mol, ka sa fihirisar GiST mai hanzarta nema, ka nema da alamar @>. Zai fara tace tarin da zanen yatsan sinadaran, wato taƙaitacciyar alamar ɓangarorin da ke cikin kowannensu, sannan ya gwada ragowar atam bayan atam. Neman masu kama da juna ma yana ciki, da zanen yatsa irin na Morgan da ma'aunin kamanni na Tanimoto. 200,000 ba nauyi ba ne gare shi. In wurin aikinku a rumbun Oracle yake, akwai Bingo, ƙari mai irin wannan aikin.

Kafin ka kwashe bayanan, ka zauna da masu binciken ku yanke yadda za a riƙa adana gishirin sinadarai da masu siffar hagu da dama, kuma ka ajiye asalin abin da suka shigar a shafi na daban.