Amsa ga 'yata kan wanzami da hudar zuciyar yaro

'Yata, saƙonki ya iso. Wai surukarki ta ce kafin a je toshe hudar da ke tsakanin ɗakunan zuciyar yaron na ƙasa, a fara kiran wanzami ya cire masa beli, ya yi masa tsaga a ƙirji. Na yi murmushi, sannan gabana ya faɗi.

A Argungu da muna yara, akwai wani jinjiri a maƙwabta, in an ɗora tafin hannu a ƙirjinsa sai a ji yana kurrr kamar kyanwa. In yana shan nono gumi ya jiƙa masa goshi, ya saki, ya huta, ya sake kamawa. Wata safiya wanzami ya zo da zabirarsa, ya zauna a zaure, ya jera tsaga ƙarƙashin nonon hagu, ya kafa ƙaho. Mata suka yi ta sa albarka. Ba a yi wata ba zazzaɓi ya kama yaron, bai sake shi ba, aka ce iska ce. Kakarmu takan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayar cuta ta rauni take shiga jini, ta je ta maƙale a bakin hudar.

Aikin toshe hudar nan ba a buɗe ƙirji. Bayan an sa ɗanki barci, a gindin cinya za a shiga jijiyoyi biyu, mai kai jini da mai dawo da shi. A tura siririyar waya ta ɗakin hagu, ta ratsa hudar, a cafko ta ta ɓangaren dama, ta zama hanyar da bututu zai bi. Matoshin saƙar waya ce ta nikel da titaniyom, faifai biyu da ƙugu a tsakiya, kuma akan zaɓi wanda ya ɗara hudar da milimita 1 zuwa 2. A buɗe faifan hagu, a jawo shi ya manne, a buɗe na dama. Ba a sakinsa sai hoton zuciya ya nuna bai taɓa marfin babbar jijiya ba. Yawanci ana son yaro ya kai kilo 8 zuwa 10.

Abin da na fi tsoro shi ne bugun zuciya. Hanyar da ke kai saƙon bugun tana bin gefen hudar in tana can saman bangon da ya raba ɗakunan, in matoshin ya danne ta bugun ya ragu, wani lokaci ma bayan watanni. In yaron ya suma ko ya yi laushi, ko fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi, kada ki jira gari ya waye. Ranar aikin ki riƙe ƙafar a miƙe awa 4 zuwa 6. Asfirin kuma kullum har wata 6, lokacin da nama zai rufe wayar. Yaron da ke shan asfirin jininsa ba ya saurin tsayawa, ina batun aska?

Ku 'yan yanzu kuna da waya a hannu, amma ranar komawa asibiti sai ku ce ai ya warke. Surukarki kuwa kada ki yi musu da ita, ki tafi da ita ranar awo ta ji daga bakin likita. Maganar kaciya ma a can za ku tambaya.