Motata ce ta fara shan mai, ko kuɗin ne suka daina auki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Birnin Kebbi, ina da Corolla ƙirar 2005. A da nakan zuba man dubu biyar in je Sakkwato in dawo. Yanzu dubu ashirin ba ta kai ni ta dawo da ni. Makanikena ya ce injekta ce, a canza. Ta yaya zan gane ainihin man da motar take sha kafin in kashe kuɗi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka bari a taɓa injektar, wato na'urar da ke fesa mai cikin inji, tukuna. Ma'aunin da kake amfani da shi, wato naira, shi ne ya lalace. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, ana sayar da lita a ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati. Zuwa Yulin 2023 ta haura 600, a Oktoban 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da dama. Dubu biyar ɗinka ta da tana ba ka lita 26 idan lita na 190. Dubu ashirin a kan 900 kuwa lita 22 ce kacal. Ka ga ko motar lafiyarta ƙalau, dole man ya gaza a hanya. Mota lita take sha, don haka da lita da kilomita za mu yi lissafi.

Ka je gidan mai ka cika tanki har bakin famfon ya katse da kansa. Da ya katse, ka hana mai zubawa ƙarawa, kuma kada a jijjiga motar don man ya ƙara shiga kamar yadda direbobin haya suke yi. Kafin ka tashi, danna ɗan maɓallin da ke kusa da mita har lambar Trip A, mai ƙirga nisan tafiya, ta koma sifiri. Yi tafiyarka yadda ka saba. Idan ka dawo, koma wannan gidan man, wannan famfon, ka sake cikawa har ya katse. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce abin da motar ta ƙona. Sai ka raba kilomitar da ka yi da wannan litar.

Birnin Kebbi zuwa Sakkwato ta Argungu kusan kilomita 150 ne, zuwa da dawowa 300. A ce lita 25 ta shiga: 300 a raba da 25, kilomita 12 ke nan a kowace lita. Daga nan ka raba kuɗin lita da 12. Idan 900 ka saya, kowace kilomita tana cin naira 75, tafiyar duka 22,500. Wannan lamba ta naira 75 ita ce mai amfani a aljihu, domin da ita za ka kwatanta tafiya da motarka da shiga motar tasha, ko ka san abin da ya dace abokan tafiya su haɗa.

Akwai wani tarko da nake so ka lura da shi sosai, don ya sa mutane da yawa sun zargi motocinsu a banza. Corolla da yawa na zamanin taka daga Amurka aka shigo da su, kuma mitarsu da mil take ƙirga. Duba fuskar agogon gudu: idan manyan lambobin na MPH ne, to mil ne. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Tafiyar Sakkwaton za ta nuna maka wajen 186, in ka raba da 25 sai ka ga 7.4 hankalinka ya tashi, alhali 12 ne. Ninka abin da mitar ta nuna da 1.6 kafin ka raba. In mitar ta mutu, Google Maps zai ba ka nisan.

Allurar tanki kuwa ba abin dogaro ba ce. Takan daɗe a sama sannan ta faɗo da sauri daga rabi, saboda tanki ba murabba'i ba ne. Haka man 'yan bumburutu, galan ɗinsu ba ma'auni ba ne, ka kauce masa a lokacin gwaji. Ko gidan mai ma wani famfon yana rage awo, shi ya sa na ce ka tsaya a wuri guda da ka yarda da shi. Kuma ka maimaita gwajin kamar sau uku, na doguwar hanya daban, na zirga-zirgar cikin gari daban.

Mota mai silinda huɗu irin taka, in tana da lafiya, ana sa ran ta ba da kilomita 11 zuwa 14 a buɗaɗɗiyar hanya. Cikin gari da esi a kunne takan sauko zuwa 8 ko 9, ba laifinta ba ne. Ramuka da shingayen bincike su ma suna ci, don duk birkin da ka taka sai ka biya shi da totur.

In lissafi ya nuna ƙasa da 10 a doguwar hanya, fara da abubuwa masu araha. Je wurin mai faci da safe kafin tayoyi su yi zafi, a gwada iska da geji, a daidaita da lambar da ke manne a jikin ƙofar direba. Masu faci sukan cika iska da ƙiyasi, ka sa ido. Ciro matatar iska ka ɗaga ta a rana. Ƙurar hunturu a Kebbi tana toshe ta da wuri, in haske ba ya ratsa ta, canza. Sai filogi, sai birkin da yake kamawa, sai tarkacen da ke but. Idan fitilar Check Engine tana kunne, a sa wa motar kwamfuta, domin sau da yawa na'urar auna iskar salansa ce ta mutu, injin ya riƙa zuba mai fiye da kima. Bayan duk wannan, in lambar ba ta tashi ba, a fara wanke injektar a sake gwaji kafin a yi maganar sabuwa.