Tambaya da Amsa: Cefane a Kasuwannin Fili na Italiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da tarewata a Torino. Na shiga kasuwar Porta Palazzo cefane, ina latsa tumatir sai mai kayan ya daka mini tsawa, da na nemi ragi kuma ya kau da kai. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, barka da tarewa. A kasuwannin Italiya mai saye ba ya taɓa kayan gwari da hannu. Tumatir ɗin da mutum goma suka latsa kafin azahar ya yi ruwa, asarar kuma ta mai kaya ce. Ki nuna da yatsa, shi zai zaɓa. Amma ki gaya masa ranar da za ki dafa: "per oggi" na yau ke nan, "per domani" na gobe. Da wannan zai san ko nunanne luguf zai ba ki ko mai ɗan tauri.

Babu kashi, babu mudu, kusan komai a sikeli yake. Allon da ke kan kaya yana nuna kuɗin kilo ɗaya da ƙasar da aka noma shi. Ki riƙe kalmar "etto", wato giram 100. Barkono etto ɗaya ya ishi miya da yawa, albasa kuwa "mezzo chilo", rabin kilo. Ki duba allon da kyau, don wasu na rubuta farashin rabin kilo da manyan lambobi, sai an auna ki ji kuɗin ya ninka.

Ciniki ba al'adarsu ba ce. Mai neman araha lokaci yake dako: a ranakun aiki kasuwar na tashi wajen ƙarfe 2 na rana, kuma dab da tashi masu kaya da kansu ke karya farashi. Sai dai kayan lokacin na dafawa ne a ranar. Idan miya za ki yi, ki nemi dogon tumatir irin San Marzano, ruwansa kaɗan ne, yana saurin soyuwa, kuma kakarsa Agusta zuwa Satumba. Na hunturu tsada gare shi, ga lami, gara na gwangwani.

Tambaya: Malam, kifi da nama fa? Ina tsoron haram.

Amsa: Tsoronka a kan hanya yake, ɗan'uwa. Nama ka saya wurin mahautan halal, suna nan da yawa a kewayen Porta Palazzo. Kalmomi uku ka haddace: "maiale" da "suino" alade ne, "strutto" kuma kitsensa, wanda ake sa wa wasu burodi kamar piadina. Ka tambaya kafin ka biya.

Kifi ka dubi idonsa ya zama garau, jan da ke ƙarƙashin kunnensa bai dushe ba. "Pescato" kamun teku ne, "allevato" na kiwo. In ka ga "decongelato", daskararre ne aka narkar, ka dafa shi a ranar, kada ka mayar da shi firiza. Ranar Litinin ka haƙura da kifi, don yawancin jiragen kamun kifi ba sa fita ƙarshen mako.