Tambaya da Amsa: Ɓarakar da 'yan wasana suka mayar hanyar gudu

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ne mai jan labari a wasan tebur da muke yi mu biyar, irin wanda kowa ke ɗaukar jarumi ɗaya ana jefa dayis. Na ƙirƙiro wata ɓaraka ta sihiri a cikin wani kango wadda ta haɗa duniyarsu da duniyar dodanni, niyyata ta zama abin tsoro amma wallahi yanzu sun mayar da ita hanyar gudu, da faɗa ya yi zafi sai su afka ciki su ɓullo ta wani wajen suna dariya. In rufe ta ne kawai in huta? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka rufe, in ka rufe za su ce ka yi musu maguɗi kuma da gaskiyarsu. Ni a ganina ƙofa ka gina musu kake kiranta ɓaraka, ita ƙofa ai don a wuce aka yi ta, ita kuwa ɓaraka yagewa ce, kamar riga ce da ta kece a hammata, duk ɗaga hannun da ka yi ƙara yagewa take.

Su kansu masu tsara wasannin nan sun raba biyun. A duniyar Planescape ta wasan tebur na Dungeons & Dragons da ta fito a 1994 akwai birnin Sigil wanda kusan kowace ƙofa ko taga a cikinsa za ta iya kai mutum wata duniyar, amma sai da mabuɗi, kuma mabuɗin yana iya zama kalma ko wani ɗan tarkace a aljihunka. Wannan ƙofa ce, tana da ladabi. Shi kuwa wasan Rifts na 1990 ba haka ba ne, can hanyoyin ƙarfin sihiri ne suka ratsa ƙasa, inda suka gitta juna nan ake samun tsaga, kuma ba ta neman izinin kowa kafin ta amayo abin da ke cikinta.

Toh abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gem ɗin kwamfuta na Dragon Age: Inquisition na 2014. Sama ce ta tsage da wani koren haske, aljanu na zubowa, jarumin kuma yana da tambari a hannun hagu wanda shi kaɗai ke iya ɗinke ƙananan ɓarakun, amma wannan tambarin cin sa yake kamar ciwo. Ka ga ke nan maganin ma da kuɗinsa. Naka 'yan wasan kyauta suke shiga kyauta suke fita, in ni ne ma haka zan yi.

Ga yadda zan yi da ni ke zaune a kujerarka. Ka samu farar takarda ka zana da'ira ka raba ta gida 6 ka ajiye a tsakiyar tebur inda kowa ke gani, kar ka yi bayani da bakinka. Duk wanda ya tsallaka sai ka ɗau biro a hankali ka cike gida ɗaya kana kallonsa, za ka ga dariyar ta ragu da kanta. Sannan kowane gida ya zo da abinsa a labarin, na farko rijiyar ƙauyen da ke kusa ta fara ba da ruwa mai ɗumi kamar jini, na uku yaron da ke riƙe musu dawaki ya wayi gari inuwarsa na tafiya daban da shi, na shida kuwa kai ka san me ke jira a can, ka rubuta shi tun yau ka ninke ka ajiye. Shi kuma mai tsallakawar ya jefa dayis mai fuska 20, in ya samu ƙasa da 8 ya bar wani abu a can, sunan mahaifiyarsa ya ɓace masa ko ya dawo ya tarar kwana 9 sun wuce alhali shi a ganinsa minti biyu ya yi.

Amma fa ka sanar da su ta bakin wani a cikin labarin kafin ka fara, ko da tsohuwar da ke gadin kangon ce, don ba a canja doka ana tsakiyar faɗa.

Kuma ka tanadi hanyar ɗinkewa. A gem ɗin Oblivion na 2006 sai ka shiga cikin ƙofar wutar da kanka ka hau can saman hasumiya ka ciro dutsen da ke riƙe da ita sannan ta rushe. Kai ma ka sa allurar ɗinkin ta kasance a ɗaya ɓangaren, ta yadda ranar da suka yanke shawarar rufewa dole su sake tsallakawa, kuma ka tabbata a ranar gida ɗaya tak ya rage a takardar.