Me ya sa muke ta komawa ramin kuza?

Jiya a mota, muna dawowa daga Bukuru, ka tambaye ni me ya sa muke ta zarya wurin masu haƙar kuza, wata biyar ke nan ko hoto ɗaya ba mu sayar ba, alhali aikin biki kuɗinsa a hannu yake. Gajiya ce ta hana ni amsa maka a lokacin.

Biki dai ba za mu bar shi ba, ɗana. Shi ke biyan hayar shago, shi ya sayi kyamarar da ke wuyanka. Amma ka tuna zuwanmu na farko? Maza suka miƙe suna kaɗe riga, matan da ke wanke ƙasa a bakin kududdufi suka juya mana baya. Hotunan ranar babu na ɗauka a ciki. Baƙo ko da ido makaho ne. Sai da muka ci tuwo da su, muka kai musu hotunansu a wanke, sannan suka manta da kyamara. A zuwa na bakwai ne muka samu dattijon nan yana fitowa daga rami, igiya a hannu, hazon hunturu a bayansa. Gilashin kyamara komai tsadarsa ba zai ba ka wannan ba.

Marigayi Okhai Ojeikere, shahararren mai ɗaukar hoto, ya fara ɗaukar hoton kitson matan Najeriya a 1968, ya bi abin shekara da shekaru har ya tara hoto kusan dubu. Yau ana rataye su a gidajen baje koli na Turai da Amurka. Ni kuwa abin da ke ci mini rai har yau Kasuwar Terminus ce ta Jos. Kullum ina wucewa ta gabanta ina cewa sai gobe, har gobara ta cinye ta a 2002. Hoto uku kacal nake da su na cikinta.

Shi ya sa nake matsa maka ka rubuta sunan wuri da ranar kowane hoto, ka adana shi a wuri biyu. Wanda ya ce kada a ɗauke shi, sauke kyamara, ka gaishe shi da kyau. In lokacin sayarwa ya zo, kwafi goma za mu wanke, in sa hannu da lamba a kowanne, ba ƙari ko an ninka kuɗi.

Ka yi cajin batir yau da dare. Hotunan matan nan suna cikin ambulan a kan tebur, bayan sallar asuba za mu kai musu.