Zanenka ya yi kama da shi, amma bai ce komai ba

Jiya ka tambaye ni, ɗana, me ya sa zanen ministan nan da ka kwana uku a kansa babu wanda ya tura wa wani, alhali duk wanda ya gani sai ya ce kamar an tsaga kara. Da safe na sake ɗaukar takardar na duba. Hannunka ya faɗa, wannan ba gardama. Hancin nasa ne, tumbin nasa ne, har yadda yake karkata kai. To amma me ka ce a kansa? Ka nuna mana mutum mai ƙaton hanci a tsaye. Mai kyamara ya riga ka, shi kuma ƙiftawar ido ta ishe shi.

Zanen barkwanci habaici ne da aka yi da tawada. Mai habaici kuwa ba siffar mutum yake bi ba, halinsa yake nema, ya samo abu guda ya maƙala masa.

Bari in ba ka labarin Charles Philipon, wani mai zanen barkwanci kuma mai jarida. A 1831 aka gurfanar da shi a kotu a Faransa bisa laifin cin mutuncin Sarki Louis-Philippe a jaridarsa. Sai ya ɗauki takarda ya yi zane huɗu a jere. Na farko fuskar sarki ce sak. Na biyu ya ɗan tsuke goshin ya saki kumatun. Kafin a kai na huɗu, fuskar ta koma wani ɗan itace na Turai mai siririn sama da faɗin ƙasa, kamar ƙaramar gora. Hujjarsa ita ce: idan kama laifi ce, to sai a kama duk mai zana ɗan itacen nan. Bai tsira ba, an yanke masa wata shida. Amma ɗan itacen ya fita daga kotu ya hau bangwayen Paris, yara na zana shi da gawayi da alli. Ka lura da wannan: yara. Abin da yaro zai iya kwaikwaya da layi uku shi ke yawo. Naka kuwa ni kaina sai na yi yini kafin in kwafe shi. A 1835 gwamnati ta kafa doka cewa ba a buga zane sai hukuma ta gani ta amince.

Thomas Nast ma, mai zanen barkwanci a Amurka, da ya tasa William Tweed a gaba, ɗan siyasar da shi da yaransa suka wawure kuɗin birnin New York, akwai zanen 1871 da bai wahalar da kansa da fuska ba sam. Ƙaton jiki ya zana, a wajen kai ya ɗora jakar kuɗi. Kowa ya gane. Ko Zapiro, mai zanen barkwanci na Afirka ta Kudu: tun da Jacob Zuma, ɗan siyasar ƙasar, ya faɗa a kotu a 2006 cewa wanka ya yi bayan ya sadu da wata mata don rage haɗarin kamuwa da ƙanjamau, sai ya dasa masa kan shawa a tsakar ka, ya yi shekaru yana zana shi da ita. Maganar mutumin ce da bakinsa, ba ƙirarsa ba. Ni dai ban cika son zanen da ke dariyar halitta ba. Ministan nan, hanci ba shi ya yi wa kansa ba, amma kwangilar da ya sa wa hannu shi ya sa.

Kan batun turawa, akwai abin da zamaninku ya ƙara mana. A da zane yana zaune a shafin jarida, labarin yana gefensa, kwanan wata yana sama. Yanzu wani zai yanko shi a waya ya jefa WhatsApp tsirara, bayan shekara biyar wani ya tono shi ya ce a kan rikicin jiya aka yi. Ni ma an taɓa yi mini haka, har aka goge rubutuna aka sa wa mutumin maganar da ban sa masa ba. Tun daga nan nake sa hannuna da shekara a cikin zanen, kusa da inda ido ke sauka, inda ba a yankewa sai an ɓata aikin. Idan kuma kai ne za ka tura tsohon zanen wani, faɗi sunan mai shi da shekarar da abin da ya faru a lokacin.

Ajiye wannan takardar, kada ka yaga. Ɗauko sabuwa, ka rubuta mini a layi ɗaya abin da ministan ya aikata a makon nan. Idan layin ya fita, sai mu nemi abin da za mu ɗora masa. Fensir kawai tukuna, tawada sai gobe.